Wane Ne Ubangidan Mawaƙin Zamani?



Sa'ad da sakataren ƙungiya ya nemi in yi jawabi a wannan zama, ya ba ni zaɓi tsakanin batun kuɗin makaranta da batun ɗakunan kwana. Na roƙe shi ya bar waɗannan ga waɗanda suka fi ni murya, ni kuwa ya yarje mini in yi magana a kan faifan waƙa guda huɗu da na saya a hutun da ya wuce. Na san a cikinku akwai wanda zai ce wannan shiririta ce, bai kamata a tara masu ilmi a kanta ba. To, amma duk wanda ya ratsa ɗakunan kwananmu bayan sallar isha'i ya san abin da yake tashi daga tagogi, kuma ya san sa'o'in da ɗalibi yake yi da waya a kunne sun fi waɗanda yake yi a gaban malami. Abin da ya ci lokacinmu haka ya isa a zauna a dube shi da idon basira.

Na ce na saya, kuma da gangan na faɗi haka, domin galibinmu ba ma sayen waƙa. Ko dai mu kai waya wajen masu turawa a bakin kasuwa su cika mana ita, ko mu saurara kyauta a intanet, mu ji rabin wannan mu tsallaka zuwa waccan. Ni kuwa na ɗauki kuɗin da zai ciyar da ni kwanaki masu dama na ba da, uku na karɓe su a hannu, ɗaya na biya ta intanet aka sauke mini. Wanda ya biya kuɗinsa ba ya tsallake waƙa. Yakan zauna ya ji kundin daga farko har ƙarshe, yadda mai shi ya jera shi, ko don kada kuɗinsa ya tafi a banza. A cikin wannan zaman ne wata tambaya ta yi ta dawo mini, ita ce kuma na kawo muku yau.

A ƙasar Hausa, in makaɗi ya buɗe baki ba ka daɗewa ka san wanda yake yi wa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi ya yi zamansa a fadar Sarkin Musulmi. Ɗan Anace ya san 'yan dambe, su ma sun san shi. Mamman Shata ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi, Ɗan Maraya Jos kuwa ya ɗauki kuntiginsa ya juya wajen ƙananan mutane irin su karen mota. Ubangida shi ne mai ba da riga da doki da hatsi, shi ne kuma wanda makaɗi yake fuskanta in yana waƙa, watau mai biya da wanda ake yi wa magana mutum ɗaya ne, kowa yana ganinsa zaune. Ba a ɓoye wannan ciniki, ba a kuma jin kunyarsa, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin zamani fa, wanda yake shiga ɗakin ɗaukar murya shi da injiniya, ba sarki ba fadawa, wane ne ubangidansa? Wa yake ba shi riga, kuma wa yake kallo in ya rufe ido yana rerawa?

Bari in fara da wanda ya fi sauƙin ji, watau Made in Lagos na Ayodeji Balogun, wanda duniya ta sani da Wizkid. Kundin ya fito ran 30 ga Oktoba 2020, da waƙoƙi 14, a ƙarƙashin kamfanin RCA na Amurka. Aikin hannu ne mai tsabta ƙwarai. Gangunan ba sa hayaniya, saksofon yana shigowa a hankali ya fita a hankali, muryar mawaƙin tana tafe kamar mai tsoron ta da barci. Waƙar Essence, wadda ya yi da Tems, ita ce ta yi fice, har bayan an sake ta da muryar Justin Bieber ta shiga cikin goma na farko a jerin Billboard na Amurka a 2021, abin da waƙar ɗan Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin nan. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma na ji kundin sau da yawa ina neman Legas ɗin da aka rubuta a bangonsa, ban same ta ba. Babu cunkoson motoci, babu ihun kwandasta, babu zafi, babu mai bin bashi. Waƙoƙin soyayya ne da jin daɗi, murya ɗaya, tafiya ɗaya, har in ka gyangyaɗa ka farka ba za ka san ko ta biyar ce ake yi ko ta tara ba. Mutumin da ya yi Ojuelegba a 2014 ya san wahalar garin nan sarai, saboda haka ba rashin sani ne ya sa ya bar ta ba. An ɗage fitar kundin saboda zanga-zangar EndSARS ta wancan wata, shi kansa kuma ya fita zanga-zangar a Landan, amma an riga an gama aikin kafin nan, babu ko inuwarta a ciki. Ubangidan wannan kundi, a ganina, mutum ne da ya tashi daga aiki a Landan ko Atlanta, ya shiga motarsa, yana son ya ji ƙanshin gida ba tare da ƙurarsa ba. An kuwa yi masa aski mai kyau.

Na biyu shi ne African Giant na Damini Ogulu ɗan Fatakwal, watau Burna Boy, wanda ya fito a Yulin 2019. A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne ya fi ba ni wahalar yanke hukunci. Sunan kundin ma daga fushi ya samo asali. An gayyace shi babban bikin kiɗa na Coachella a Kalifoniya a shekarar, sai ya ga an rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a takardar talla, ya fito fili ya ce shi ƙaton Afirka ne, ba za a ƙanƙanta shi ba. Mutane suka yi ta dariya, shi kuwa ya mayar da abin dariyar sunan kundi. Kakansa na wajen uwa, Benson Idonije, ya taɓa zama manajan Fela, kuma wannan jini yana fitowa a busa da amshi da yadda yake jan kalma.

Akwai waƙoƙi biyu a ciki da suka shafe mu kai tsaye. Ta farko ita ce Another Story, wadda ya yi da M.anifest na Ghana. Tana buɗewa da muryar mai ba da tarihi yana bayanin yadda aka haifi Nijeriya a kan teburin ciniki. Labarin gaskiya ne, kuma masu karatun tarihi a cikinmu sun san shi: kamfanin Royal Niger na George Goldie ya miƙa wa gwamnatin Ingila yankunan da yake riƙe da su a kan fam 865,000, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, shekara uku bayan haka kuma sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato. Kamfanin bai mutu ba, ya koma hannun Lever a 1920, daga baya ya zama cikin UAC da iyayenmu suka sayar wa gyaɗa. Ku duba fa, samarin da aka cire wa darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu shekara da shekaru, a waƙar rawa suka fara jin wannan adadi. Wannan kaɗai ya isa a yi wa mawaƙin godiya.

Ta biyu ita ce wadda ya sa wa suna Dangote. Da Bahaushen makaɗi ne ya ambaci Aliko Ɗangote, ɗan Kano, tattaɓa-kunnen Alhasan Ɗantata ta wajen uwa, da mun san inda aka dosa. Za a jero asali, a yabi kyauta, a zagi mahassada, sa'an nan a jira mota. Burna Boy bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ɗauki sunan attajirin ya yi misali da shi, cewa in mai wannan dukiya yana tashi da safe neman kuɗi, to, wane ne shi da zai kwanta? Da lebura yake magana, da ɗan acaba, da wanda ya gama jami'a yana yawo da takardu a ambulan. An ambaci mai kuɗi, amma ba shi ake fuskanta ba, ba kuma shi ake jira ya biya ba. Wannan ya nuna mini cewa a waƙar zamani sunan da aka kira ba shi ne yake nuna ubangida ba, sai an duba wani wuri.

Inda kundin ya gaza shi ne tsawonsa. Waƙoƙi 19 ne, kusan sa'a guda, kuma a tsakiyarsu an jera baƙi daga Amurka da Ingila, su Future da YG da Jeremih da Jorja Smith. Waɗansunsu sun zauna daidai. Waɗansu kuwa kana ji ka san an gayyato su ne don sunansu ya buɗe ƙofar gidajen rediyon ƙasarsu, sun zo sun yi baitinsu sun tafi ba su san abin da ake ciki ba. Sai kundin ya zama kamar mutum mai magana da mutum biyu a lokaci ɗaya, ya juya nan ya yi wa ɗan Fatakwal zancen ɓarayin gwamnati a Collateral Damage, ya juya can ya yi wa Ba'amurke murmushi. Taura biyu ba ta taunuwa. Da ni ne mai jera waƙoƙin da na zubar da shida, abin da ya rage kuwa da ya zama kundin da za a daɗe ana komawa gare shi. An sa shi takarar lambar Grammy a Janairun 2020, Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta ɗauke ta, ta kuma sadaukar masa da ita a kan dandamali. Shekara guda bayan haka ya ci lambar da Twice as Tall, wanda ni a kunnena bai kai wannan ba.

Kada mu ɗora wa mawaƙan nan laifi ba mu dubi inda kuɗin yake fitowa ba. A da, mawaƙin Legas yakan sayar da aikinsa ga 'yan kasuwar Alaba, su buga faifai su watsa, masu satar fasaha su buga nasu, shi kuwa ya nemi abincinsa a wajen biki da tallan kamfanoni. Yanzu kamfanonin saurare ta intanet, irin su Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021, su ne kasuwar. Yadda suke yi shi ne, su tara kuɗin da masu saurare suka biya na wata-wata da kuɗin talla a kowace ƙasa, su cire rabonsu, sa'an nan su raba saura ga masu waƙoƙi gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu. Abin da Ba'amurke yake biya a wata ya ninka abin da ɗan Nijeriya yake biya sau da yawa, galibinmu ma ba ma biyan kome. Saboda haka kunne ɗaya a Landan ya fi kunnuwa masu yawa a Sabon Gari daraja a littafin kamfani. In mawaƙi ya sassauta ganga, ya ƙara Turanci, ya gajarta waƙa ta koma minti uku, lissafi ya yi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mu da muke ƙorafin an juya mana baya, sai mu tambayi kanmu ko mun taɓa ba da riga.

Faifai na uku tsoho ne, ya girmi kowane ɗalibi a ɗakin nan, amma sabon bugu na samu, baƙin faifai na garmaho irin na da. Shi ne Zombie na Fela Anikulapo Kuti da ƙungiyarsa Afrika 70, wanda ya fara fita a 1976. Irin wannan faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 20, kuma a bugun farko waƙa ɗaya ce a kowane gefe, kowace ta haura minti 12. Ka ɗora allura, jita biyu su fara saƙa, Tony Allen ya shigo da ganguna kamar mutum huɗu ne suke kaɗawa, masu busa su faɗo gaba ɗaya, a yi ta tafiya wajen minti biyar Fela bai ce uffan ba. Babu gidan rediyon kasuwanci da zai so wannan, shi kuwa bai damu ba. An san shi da cewa in ya riga ya sa waƙa a faifai ba ya sake yin ta a gaban jama'a, kome roƙon waɗanda suka biya kuɗin shiga. Ban san makaɗin da ya raina ikon mai biya kamarsa ba a cikin waɗanda na saurara.

Kalmar da ya sa wa waƙar daga camfin mutanen Haiti ta yaɗu, tana nufin gawar da boka ya tayar yana sarrafa ta, ba ta da nufin kanta. Da ita ya kwatanta soja, wanda ba ya motsi sai an ba shi oda. Yana ba da umarnin fareti cikin Turancin buroka, mata 'yan amshi suna mayar masa, yadda duk wanda ya taɓa jin makaɗan fada da 'yan amshinsu zai gane tsarin nan take, sai dai a nan zambo ne tsantsa, babu yabo ko na baiti ɗaya. Lokacin mulkin soja ne, Janar Obasanjo yana kan kujera. Yaran Legas suka ɗauki kalmar suna jifan sojoji da ita a titi. Ran 18 ga Fabrairu 1977, kwana kaɗan bayan an rufe bikin FESTAC, sojoji wajen 1,000 suka kewaye gidansa da ya sa wa suna Jamhuriyar Kalakuta, suka yi wa mutanen ciki dukan kawo wuƙa, suka cinna wa gidan wuta, kayan kiɗa da ɗakin ɗaukar murya suka ƙone. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Abekuta har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949, aka jefo ta ta taga. Ta rasu a Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ce sojan da ba a san ko wane ne ba ya yi aikin. Fela ya mayar da wannan ma waƙa.

Ba na cikin masu mayar da Fela waliyyi. Ra'ayinsa game da mata, da shaye-shayensa, da yadda yake yi wa addini kuɗin goro, duk ba tafarkina ba ne, kuma na tabbata ba na yawancinku ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, ga mutumin da ya zaɓi wanda zai fuskanta, watau talakan Legas da na sauran biranen Afirka, shi ya sa ya bar Yarabanci da Turancin makaranta ya kama buroka, ya kuma biya kuɗin wannan zaɓi da gidansa da ƙasusuwansa da uwarsa. Ya rasu a 1997, a 2025 kuma masu ba da lambar Grammy suka sa wannan faifai cikin taskarsu ta ayyukan tarihi. Ga 'yan'uwanmu ma'aikata da suke nan, ina ba su shawara su juya faifan su ji gefe na biyu, Mister Follow Follow. Wannan ba da soja take ba. Da mai bi ido rufe take, kuma irinsa yana sa kaftani da hula ya zauna bayan tebur, fayil ya zo ya sa hannu ya wuce.

Na huɗu shi ne wanda na fi so, shi ne kuma ya rikita mini lissafin da na fara da shi. Sunansa Afrique Victime, na Mahamadou Souleymane, wanda ake kira Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, mazaunin Agadas. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba sa son kiɗa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da gangar kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da su. Ba a buga shi a faifai ba a lokacin. Waƙoƙin suka bi memorin waya daga hannu zuwa hannu, suka ratsa Sahara har Mali da Muritaniya, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tsince su, ya sa ɗaya a tarin da ya fitar mai suna Music from Saharan Cellphones, sa'an nan ya shiga neman mai muryar. Watau hanyar masu tura waƙa da na ambata da farko, wadda ba ta biyan mawaƙi ko anini, ita ce ta kai shi inda ake biya.

Kundin ya fito a Mayun 2021, da waƙoƙi 9, daga kamfanin Matador na Amurka. Yana buɗewa da takun ƙafa da carar zakara, sa'an nan jitar lantarki ta tsage. Waɗanda suka taɓa halartar biki a Agadas ko Tawa ko unguwannin Abzinawa na Yamai za su gane kiɗan, gama kiɗan biki ne, da tafi da amshi da ganga mai sukuwa kamar raƙumi ya saki ƙafa. A nan ya koyi sana'arsa, a gaban masu biki, inda in ba ka tayar da mutane rawa ba ba za a sake kiranka ba. Akwai waƙoƙi masu sanyi da jitar katako, irin su Tala Tannam da Layla, bisa tafarkin Abdallah Oumbadougou, wanda shi ne Mdou ya gani yana yaro ya ƙudura zama makaɗi. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta kuwa ta haura minti bakwai. Tana farawa a hankali tana kukan abin da ake yi wa Afirka, sa'an nan ta yi ta ƙara sauri, ta yi ta ƙara sauri, har jitar ta daina yin kama da kiɗa ta koma kamar ƙarfe yana kuka. Mutumin ya fito daga ƙasar da kamfanin Faransa ya fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, aka yi ta haskaka biranen Turai da shi, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu. Ba sai an fassara maka baitin ba kafin ka san abin da jitar take faɗi.

Ga inda lissafin ya rikice. Kamfanin da ya buga kundin na Amurka ne. Mai kaɗa jitar bes ɗinsu, Mikey Coltun, wanda kuma shi ne ya tsara ɗaukar, Ba'amurke ne. Masu sayen faifan da masu cika ɗakunan wasansa galibi Turawa ne, har ma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya same su suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, masoyansu na can suka yi karo-karo don su sami abin zama. In da mai biya shi ne ubangida, to, Mdou ya fi Wizkid zama bawan Turawa. Amma bai canja harshe ba, da Tamashek yake waƙa sai ɗan Faransanci. Bai gajarta waƙa ba, bai gayyato wani tauraro ya ara masa suna ba, kuma in ya koma gida yakan ja janareto ya kafa kaya a fili ya yi wa mutanensa wasa. Baturen da ya biya kuɗi yana zaune ne a gefe yana sauraron maganar da ake yi da wani. Ashe abin da fada ta haɗa, mai ba da riga da wanda ake fuskanta, kasuwar zamani ta raba su, kuma mawaƙi yana da ikon karɓar rigar wannan ya ci gaba da kallon wancan, in yana da ƙarfin zuciyar yin haka. Wizkid ya karɓi riga ya juya gaba ɗaya. Burna Boy yana waiwaye. Fela ya yar da rigar. Mdou ya sa ta bai juya ba, har a 2024 ya fitar da Funeral for Justice, inda ya kira Faransa da sunanta.

Wannan ya sa na yi tunanin namu na gida. A 2008 ɗakunan ɗaukar murya na ƙasar Hausa sun isa su jawo saurayi daga Abzin ya zo neman fasaharsu. Mawaƙanmu na yanzu suna da murya, suna da masu saurare miliyoyi daga Kano har Kumasi da Kartum, amma wanda yake ba su riga shi ne mai shirya fim, ko mai biki, ko ɗan siyasa in zaɓe ya gabato, kuma duk mun ji yadda waƙar da aka yi wa ɗan takara bana takan zama zambo a kansa baɗi in hannu ya sauya. Ba na zarginsu, domin ba su da wani ubangidan. Mu masu saurare, ɗalibai da ma'aikata masu albashi, mu ne ya kamata mu zama shi, ga shi kuwa ko a cikin faifan nan huɗu da na kashe kuɗina a kansu babu na Bahaushe ko ɗaya, kuma da zan ce duk wanda ya taɓa biyan kuɗin waƙar Hausa ya ɗaga hannu, na san hannuwan ba za su hana na baya ganin allo ba.

Shugaba, na ga kana duban agogo. An aro mana garmaho, ga shi can a kan tebur, kuma na zo da faifan Fela. In ka yarda za mu sa gefen farko kafin a shiga tambayoyi. Minti 12 ne da 'yan daƙiƙu, muryar ba za ta shigo da wuri ba, saboda haka ina roƙon kada kowa ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Na kusa da ƙofa su taimaka su rufe ta, don kada mu dami masu karatu a ɗakin da yake maƙwabtaka da mu.